Jan Biro a Bangon Faifai

"Tambayata ɗaya ce," in ji Zarami. "Wa ya ba ki izinin rubutu a takardata?"

"Kai ka bar fili a ƙasa," in ji yarinyar. "Ni kuwa malama ce. In na ga kuskure ga fili, hannuna ba ya haƙuri."

"Kuskure?"

"Har uku. Biyu kawai na ja wa layi, don kada ranka ya ɓaci."

A zauren Malam Tukur suke, a unguwar Majema cikin Haɗeja, da la'asar ɗin wata Asabar ta shekarar 1974. Zarami ya zo ne da niyyar wanke abokinsa Shu'ibu, ɗan Malam Tukur, tas. Tare suka gama sakandare, kuma duk garin Shu'ibu kaɗai yake ba aron faifan garmaho. Al'adar Zarami ce, kowane faifai sai ya rubuta ra'ayinsa a 'yar takarda ya cusa cikin bangonsa. Wannan karon faifai ya dawo da jan biro a ƙasan takardar: "Huɗu bisa goma. Ka sake saurare."

Shu'ibu bai kare kansa ba. Dariya ya yi har da buga ƙafa, ya leƙa cikin gida ya kira ƙanwarsa Mairam, wadda ta gama makarantar horon malamai a Kano ta fara koyarwa a firamare. Ya koma tabarma ya kishingiɗa yana ɓare gyaɗa.

"Ka rubuta wai tun shekarar sittin da takwas waƙa ta mutu," ta ce. "Ka je jana'izar ne?"

"Faya-fayaina sun fi ɗari. Na san abin da nake faɗa. Na shekarun hamsin yara ne masu ladabi, minti biyu su gaishe ka su wuce. Na sittin su ne maza. A hannunsu jita ta koyi magana, mai ganga ya san inda zai yi shiru. Na yanzu kuwa, mutum ya tara suma kamar mai gaba da wanzami, ya kama waƙa ɗaya ya cika fuskar faifai da ita. Ya fita bai san hanyar gida ba."

"Mazan naka duk magana ɗaya suka iya. Ina sonki, kin tafi, ki dawo. Wannan mai jan bangon, waƙa goma sha biyu, kuka goma sha biyu. Ko jariri yakan huta."

"Ba ki ji jitar ba ne."

"Na ji ta. Ita ma kukan take."

Shu'ibu ya ƙware da gyaɗa. Zarami ya juyo ya dube ta sosai. Sai a lokacin ya lura da wushiryarta, da ɗigon jar tawada a ɗan yatsanta, da yadda take kallonsa ido cikin ido ba tare da ta daina murmushi ba.

Ya ɗauki faifansa ya hau keke. Har ya wuce kwanar gidansu bai sani ba.

Zarami ba mai yawan magana ba ne. Aikinsa awon ruwa: kullum da safe ya je gindin gada ya duba inda kogi ya kai a jikin ma'auni, ya rubuta, ya kai ofis. Garmahon da tsofaffin faya-fayan gado ne daga kawunsa da ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, sauran kuma shi ya tara. Da yake zafin Haɗeja na lanƙwasa faifai kamar ganyen da aka gasa, a cikin ƙatuwar randa yake jera su, ya kewaye gindinta da jiƙaƙƙen yashi. Mahaifiyarsa takan ce randarsa ta fi ta ruwan sha samun kula.

Ranar nan ya ɗora mai jan bango ya saurare shi daga farko har ƙarshe, sau biyu. Da safe ya ba Shu'ibu wani faifan da takarda a ciki.

"Malama Jan Biro, na sake saurare. Waƙa ta uku da ta bakwai uwarsu ɗaya, na yarda. Sauran ban yarda ba. Ga wani na hamsin da tara. Ki riƙe shi ta gefe. Kada rana ta gan shi."

Bayan kwana biyu ya dawo.

"Alƙali, wannan kam na ji daɗinsa. Matar tana waƙa kamar mai yi wa ƙanwarta kitso, ba ta sauri, ba ta neman a yabe ta. Shida bisa goma. Rubutunka ne ya ja maka, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito."

Haka damina ta shigo ta same su. Faifai ya je, faifai ya dawo. Suka yi faɗa a kan masu kiɗan rawar tuwis, ita ta ce ƙafa suke yi wa waƙa ba kunne ba. Suka shirya a kan wani kiɗan hailaif na Ikko mai kakaki biyu. Suka sake ɓatawa a kan wasu samari masu kiɗan rok na sittin da biyar, shi ya ce faifansu ba shi da waƙar yarwa, ita ta ce fuska ta biyu duk ciko ce. Ƙarshe ta rubuta masa: "Kana yanke wa na saba'in hukunci ba ka da ko ɗaya. Wane irin alƙali ne wannan?"

Ranar Asabar ya shiga jirgin ƙasa zuwa Kano, ya dawo da faifai mai baƙin bango, ba hoton kowa a jiki sai wata ƙofa a buɗe. Kwana uku yana fama da shi kafin ya rubuta.

"Jan Biro, minti goma sha bakwai ce. Minti shida na farko na tsane ta. Daga nan ban san inda na shiga ba. Irin kogin nan ce a watan Agusta, ba ka ganin hawansa, sai dai ka waiwaya ka ga ya cinye fadama. Na janye maganar mutuwar waƙa. Ke ma haka kika yi mini."

Ya ba Shu'ibu, nan take ya yi nadama. Washegari ya rubuta awon ruwa a layin da ba nasa ba, sai da ya goge. Da amsa ta zo, a tsaye ya karanta, keke na jingine a cinyarsa.

"Tara bisa goma. Ɗayan sai ka zo da kanka."

Ya je. Ya sake zuwa. Bayan la'asar takan fito da tabarma da kwanon fura, su zauna a zaure, tsakaninsu kamu uku.

"A takarda kana da baki," ta ce masa wata rana. "A nan kuma sai kallon ƙasa."

"A takarda ba kya kallona."

"To na rufe ido. Faɗi."

Ta rufe. Ya daɗe yana kallon gashin idonta.

"Da ina jin waƙa ni kaɗai, ina ganin na ƙoshi. Yanzu ko allurar garmaho na ɗora sai in ce, me Mairam za ta ce."

"Me zan ce?"

"Za ki ce kuka ne."

Ta buɗe ido tana dariya. "Wannan kukan ina sonsa, Alƙalina."

A cikin wannan daɗin Musa ya ɓullo. Ɗan kwangila ne daga Kafin Hausa, ɗan aminin Malam Tukur, kuɗin mai ya fara zauna masa. Ya zo da sabuwar mota, ya ajiye wa Mairam rediyo mai kaset a matsayin toshi. Da yamma Zarami ya karyo kwana ya ji kiɗa na tashi daga gidan, ba ƙarar allura, ba komai, sumul. Ya juya kekensa. Mako biyu bai aika faifai ba, bai je zance ba.

Shu'ibu ne ya tare shi a gindin gada ya danƙa masa takarda.

"Alƙali, ka sake yanke hukunci ba ka saurara ba. Yaya Shu'ibu ne ya kunna abin, shi ma na kwana ɗaya. Tun washegari na roƙi Inna aka mayar wa mai shi. In fushi kake, ka zo ka yi shi a gabana in gani. In ba fushi kake ba, ka turo manyanka."

Kawunansa biyu suka je gaisuwa da goro. Malam Tukur ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi kwanaki ya yi bincike, kamar yadda kowane uba yake yi. Ya ɗora aikin a kan yayarsa, Gwaggo 'Yar'azumi, wadda ba gidan da ba ta san tarihinsa ba daga unguwar Matsaro har bakin kogi.

Ba ta samo sata ba, ba ta samo shaye-shaye ba. Labarin ƙauyen Baturiya ta samo.

A kakar bara wani abokin aikin Zarami ya yi aure a can, ya roƙe shi ya zo da garmaho. Ya saka shi a kwalekwale ya haye da shi. Samari suna rawa, sai kakar ango ta taso da sandarta, ta manna masa takardar kuɗi a goshi kamar yadda ake yi wa makaɗa. Zarami ya durƙusa ya yi godiya, ya sa a aljihu. Mutum hamsin sun gani.

"An yi masa liƙi a fili ya karɓa," in ji Malam Tukur. "Mu ba mu taɓa haɗa jini da makaɗa ba. A mayar musu da goronsu."

Zarami ya kwana biyu bai ɗora allura ba. A na uku ya aika da takarda ba faifai.

"Mairam, zan kai su Kano in sayar, har garmahon. In Baffa ya ga randar wayam, ƙila ya sauko."

Amsar ba ta da maki a ƙasa.

"In ka sayar, wa zan aura? Ni mai randar nake so. Kada ka taɓa ko ɗaya. Na durƙusa wa Gwaggo jiya har ta gaji da ni. Na ce mata tunda maganar kiɗa ce, a tambayi masu kiɗan. Baffa ya yarda zai kira Baba Baƙo ranar Laraba bayan la'asar. Ka zo da akwatinka. Ka sa farar rigar nan. Zan kasance bayan ƙyaure, ina jin komai."

Baƙo Mai Kalangu ya haura saba'in. Ubansa ne ya yi kiɗa a bikin uban Malam Tukur, shi kuma ya yi a na Malam Tukur. Ya shigo zauren da kalangunsa a kafaɗa, ransa a ɓace tun daga hanya.

"Ranka ya daɗe, wai wannan ne aka ce namu ne?"

"Haka aka ce."

"Taso, yaro."

Ya cusa wa Zarami kalangu a hammata, ya ba shi makaɗi. "Kira mini sunan maigidan nan."

Zarami ya matsa, ya buga. Abin da ya fito ya yi kama da tulu ya faɗa rijiya. Ya sake bugawa, makaɗin ya suɓuce ya faɗa cinyar Shu'ibu. Aka ji wata 'yar dariya ta kufce daga bayan ƙyaure, aka kuma ji Gwaggo ta tsawatar.

Baƙo ya ƙwace kayansa yana shafa fatar kamar an mari jikansa.

"Ranka ya daɗe, in aka rataya wa akuya ganga ta bi ta cikin kara, za ta fi shi. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar wa babana kaya kafin ya bar ni in taɓa fata. Wannan akwati yake murɗawa. Duk wanda ya ce makaɗi ne, mu ya zaga."

Malam Tukur ya shafa gemu, bakinsa na motsi. Shu'ibu ya sauke ajiyar zuciya.

"To, Zarami, an wanke ka. Saura abu ɗaya. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa abin da ya faru a Baturiya kuskure ne, ka san kai ba ajinsu ba ne, ba kuma za a sake haɗa ka da su ba. Shi ke nan."

Magana ce ta numfashi ɗaya. Zarami ya buɗe baki zai faɗe ta, idonsa ya sauka a hannun Baƙo, yatsun sun kantare, igiyar kalangu ta yi musu kanta. Tsohon yana kallon tabarma.

"Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ban iya ba ne kawai."

"Me ka ce?"

"Da na iya, ba zan ɓoye ba. Rabin rayuwata ina zaune ina sauraren masu ganga na ƙasashen da ban taɓa gani ba. Ba zan ce na fi su ba. Ba zan ce na fi Baba Baƙo ba. Tsohuwar Baturiya kuma, daɗi ta ji. In na ɓamɓare na mayar mata a gaban jikokinta, na kunyata ta." Ya ɗago kai. "Ina son Mairam. Amma wannan maganar ba zan iya faɗarta ba."

Shu'ibu ya rufe fuska da tafin hannu. Bayan ƙyaure tsit.

Malam Tukur ya dube shi sama da ƙasa. Can ya nuna akwatin da haɓa.

"Kunna mana abin da ya sa ka taurin kai."

Ya zaro faifan da ya fara zuwa hannunsa, na wasu samarin sittin da shida. Allura ta yi ƙus-ƙus, jita ta shigo, ganga ta biyo ta.

Baƙo ya karkata kai. Ya kasa kunne.

"Mai gangar nan yaro ne. Sauri yake, kamar an ajiye masa tuwo." Ya ƙara saurare. "Amma ji can ƙasa. Wancan mai kaurin, wa ke kaɗa shi?"

"Jita ce babba, Baba, mai tsirkiya huɗu."

"To shi ne uban gidan. Shi yake riƙe da su duka, ba wanda ya sani."

Zarami ya manta inda yake. "Wallahi abin da na rubuta ke nan tun shekara uku. Ba wanda ya yarda."

"Ai ba su da kunne." Yatsun Baƙo suka fara bin kiɗan a kan fata, a hankali, ya cike wani gurbi da mai gangar ya bari.

"Shi mai ihun me yake cewa?" in ji Malam Tukur.

"Wata yake so, Baffa. Ubanta ya hana shi. Yana cewa zai tsaya a ƙofar gidan har a gaji da ganinsa."

Shu'ibu ya juyar da kai bango, kafaɗunsa na girgiza. Malam Tukur ya yi gyaran murya.

"Da gangan ka zaɓo?"

"Wallahi a'a."

Waƙa ta ƙare, allura ta ci gaba da zagaye a banza. Ba wanda ya motsa ya ɗaga ta.

"Bakinka ba shi da daɗi, yaro," in ji Malam Tukur. "Amma ba ya ƙarya. Ka ce wa kawunanka su dawo da goron ranar Juma'a."

Guɗar Gwaggo 'Yar'azumi ta tsaga gidan tun kafin ya rufe baki. Aka ji gudun ƙafa zuwa cikin gida, da ƙarar kwano da aka yi tuntuɓe da shi.

"Da sharaɗi, ranka ya daɗe," in ji Baƙo. "Ranar biki akwatin nan yana gida. Ni zan yi."

"Na yarda, Baba," in ji Zarami. "Amma ka bar ni in zauna kusa."

Da zai fita, Mairam ta leƙo ta gefen ƙyaure, idonta jajur, wushiryarta a waje.

"Ka kusa kashe ni, Alƙali."

"Ni ma na kusa mutuwa."

"Da ka faɗi abin da ya ce, da na aure ka duk da haka." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma da na daɗe ban yafe ba."

Bayan an yanke shinkafa a fadama aka ɗaura auren, ranar wata Asabar da hantsi, a ƙofar gidan Malam Tukur. Mutanen Baturiya suka cika kwalekwale biyu, har da kakar nan da sandarta. Musa ma ya zo, ya yi musabaha, ya ce Allah ya sa alheri. Liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha, goro da alewa suka zaga. Baƙo ya gyara zaman kalangu a hammata yana jiran a ba shi hanya.

Zarami ya ratsa jama'a ya durƙusa gaban surukinsa. Malam Tukur ya ɗora masa hannu a ka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku ga jikokinku. Ka riƙe ta amana. Tana da baki, ka riga ka sani."

"Amin, Baffa. Na gode."

Ya yunƙura zai tashi, tsohon ya riƙo hannun rigarsa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sunkuyo daidai lokacin da Baƙo ya saki kiɗa mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida.

"Wannan yaron na cikin faifai," ya ce ƙasa-ƙasa, "shi daga baya an ba shi yarinyar kuwa?"